Muhawara: Shin ya dace kamfani ya bar wa na'ura sa hannu a kan takardunsa?

Malam Kabir Akanta, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kwamfuta da masana doka da ke cikin wannan zaure. Ni akanta ne a wani kamfani da ke rarraba taki da iri da maganin feshi a nan Katsina, kuma muna da dillalai tun daga Jibiya da Batsari har zuwa Funtuwa da Ɗandume. Idan damina ta kawo jiki, daga watan Mayu zuwa Yuli, takardun da ke fita daga ofishinmu a rana guda sun fi ƙarfin manajan darakta ya zauna ya sa wa kowace hannu: rasit, webil (takardar da ke raka kaya a mota), takardar bashin dillali, da takardar izinin ɗaukar kaya daga sito. Abin da muke yi shi ne, an yi sikanin sa hannunsa an ajiye hoton a kwamfuta, duk takardar da za ta fita sai a manna hoton a ƙasanta. A daminar bara wani ya samu ɗaya daga cikin takardunmu, ya yanke hoton, ya ɗora a kan takardar da ya tsara da kansa, ya kai wa mai kula da sito, aka loda masa kaya. Ba a farga ba sai da aka zo ƙidayar buhuna.

Yanzu wani mai sayar da manhaja ya kawo mana tayin takardar shaidar sa hannun dijital wadda ake bayarwa da sunan kamfani. Ya ce za a haɗa ta da babbar kwamfutar ofis, ta yadda duk takardar da manhajar lissafi ta fitar za ta fito da sa hannu nan take, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ina so in san me ya bambanta wannan da hoton da muke mannawa, ko kotu tana karɓarsa, kuma idan na'ura ce ta sa hannu a kan abin da ba daidai ba, wa za a kama.

Injiniya Aminu, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam Malam Kabir, Allah ya mayar da alheri. Hoton sa hannu ba shi da wata alaƙa da abin da aka rubuta a takardar, shi ya sa ake iya ɗauke shi daga wannan a kai shi waccan. Sa hannun dijital kuwa lissafi ne da ake yi a kan abin da takardar ta ƙunsa, don haka ba ya cirewa ya koma wata.

Ga yadda abin yake gudana. Ana ƙirƙirar mabuɗai biyu masu alaƙa da juna ta hanyar lissafi, ɗaya na sirri wanda ba ya barin hannun kamfani, ɗaya na fili wanda kowa zai iya gani. Idan manhajarku ta fitar da webil a matsayin fayil na PDF, sai a bi dukkan abin da ke cikinsa da wani lissafi, yawanci SHA-256, wanda zai fitar da taƙaitacciyar lamba mai haruffa da alƙaluma 64. Idan wani ya mayar da buhu 100 ya koma 700, ko ya ƙara ɗigo guda, wannan lamba za ta canza gaba ɗaya. Sai mabuɗin sirri ya yi aiki a kan lambar, abin da ya fito shi ne sa hannun, a cusa shi cikin fayil ɗin. Wanda ya karɓi takardar, manhajarsa za ta sake yin lissafin da kanta ta gwada da mabuɗin fili, idan sun dace to an tabbatar da abu biyu: wancan mabuɗin sirrin ne ya sa hannu, kuma ba a taɓa takardar ba tun daga lokacin. Dabarar ta daɗe, domin Whitfield Diffie da Martin Hellman sun wallafa tunanin tun 1976, sannan a 1977 masana uku a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da tsarin lissafin mabuɗai biyu mai suna RSA da har yau ake aiki da shi.

To amma ta yaya dillalin da ke Funtuwa zai san cewa mabuɗin filin naku ne ba na wani ba? Nan ne takardar shaidar take shigowa. Wata hukumar ba da shaida za ta duba rajistarku ta CAC, da adireshinku, da wasiƙar da ke nuna cewa wanda ya nema yana da izinin kamfani, sannan ta ba ku wani ƙaramin fayil a tsarin X.509 mai ɗauke da sunan kamfani da mabuɗinsa na fili da ranar da shaidar za ta ƙare, ita ma ta sa masa hannu da nata mabuɗin. Yawanci wa'adin shekara ɗaya zuwa uku ne. Shaidar mutum ɗaya tana zama a kan wani ɗan filashi na musamman, kuma sai mai ita ya buga lambarsa ta sirri kafin ta yi aiki. Ta kamfani kuwa an yi ta ne don ta yi ta sa hannu a kan dubban takardu babu mai buga komai. A Indiya, inda dokar fasahar sadarwa ta shekarar 2000 ta kafa ofishin da ke ba waɗannan hukumomi lasisi, har rukuni na musamman aka ware wa irin wannan shaida, saboda bankuna da kamfanonin inshora da ke fitar da takardu masu ɗimbin yawa.

Alhaji Mamman, Daura

Injiniya, Allah ya yi maka albarka, bayaninka ya fita. Sai dai ni hankalina bai kwanta ba. Na yi aikin baitulmali kafin in yi ritaya in koma kasuwanci, kuma a zamaninmu bauca ba ta wucewa sai ta bi hannu uku: mai shiryawa, mai dubawa, da mai amincewa. Amfanin sa hannun shi ne mutum yana karantawa kafin ya sa, idan ya ga adadin da bai gane ba sai ya ajiye biro ya kira wanda ya shirya ya tambaye shi. Na sha mayar da bauca saboda sifili ɗaya da ya ƙaru. Na'ura ba ta ajiye biro, ba ta kiran kowa.

Ka ce idan ɗan waje ya canza buhu 100 ya koma 700 za a gane. Na yarda. To idan magatakardan ofis ne da kansa ya shigar da 700 a manhaja tun farko fa? Na'urar za ta sa hannu, takardar ta fito da alamar inganci, mai kula da sito ya gani ya loda kaya da zuciya ɗaya, ya fi ma yarda da ita fiye da da. Ina ganin Malam Kabir zai toshe ƙofar da ɓarawon bara ya shiga ne kawai, alhali wanda ke zaune a cikin ofis ya samu hanya mafi sauƙi.

Injiniya Aminu, Ƙofar Ƙaura

Baba Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa shi ne masu sayar da manhaja ba sa son a tsaya a kai. Sa hannun dijital yana shaida daga inda takarda ta fito da kuma cewa ba a canza ta ba. Ba ya shaida cewa abin da ke cikinta gaskiya ne, kuma ba ya shaida cewa wani ya karanta ta. Saboda haka hannu ukun da ka ambata ba a soke su, ana mayar da su cikin manhajar ne. Mai shiryawa yana da sunansa da lambarsa ta shiga, mai amincewa yana da nasa daban, kuma manhajar ba za ta aika takarda wurin sa hannu ba sai na biyun ya amince. Kowane mataki yana shiga rajista da suna da lokaci, kuma a ajiye kwafin rajistar a inda mai kula da kwamfutocin ofis ba zai iya gogewa ba.

Sai kuma batun inda mabuɗin sirri zai zauna, wanda ya kamata Malam Kabir ya tambayi mai tayin kafin komai. Idan ya ce fayil ne za a ajiye a kwamfuta da kalmar sirri, a ƙi karɓa, domin duk wanda ya kwafe shi a filashi zai iya zama a gidansa yana sa hannu da sunan kamfani, babu wanda zai gane. Inda ya dace ya zauna shi ne na'urar tsaron mabuɗi da ake kira HSM, wadda a cikinta ake ƙirƙirar mabuɗin kuma ba ya fitowa. Ana aika mata taƙaitacciyar lambar ne ta sa hannu ta dawo da ita. Ana iya saye, ana iya haya ta intanet. Kamfanin Adobe ma, mai manhajar buɗe PDF ta Acrobat Reader, ba ya barin hukumomin da ke cikin jerin amintattunsa su ba da shaida sai mabuɗin yana cikin na'urar da ta cika ma'aunin tsaro na FIPS 140-2 a mataki na biyu ko sama, ko wani ma'auni makamancinsa. Satar mabuɗi ta taɓa faruwa a zahiri: manhajar ɓarna ta Stuxnet da aka gano a 2010 ta shiga kwamfutoci ne ɗauke da sa hannun kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron, waɗanda aka sace mabuɗansu.

Barista Hadiza, Unguwar Alkali

Assalamu alaikum. Malam Kabir, bari in ɗauki ɓangaren doka, tare da shawarar cewa lauyan kamfaninku ya duba takardunku ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka suke da hukunci guda ba.

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 93, ta ce inda doka ta buƙaci sa hannu, sa hannun lantarki ya wadatar, kuma gyaran da aka yi mata a 2023 ya ambaci sa hannun dijital ƙarara. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a sashe na 98 ba dole ba ne kamfani ya mallaki hatimi, a sashe na 101 kuma ta ce takardar da ke buƙatar tabbacin kamfani, darakta ko sakatare ko wani jami'i mai izini zai iya sa mata hannu, kuma sa hannun lantarki ya isa. Ku lura da cewa wannan sashe mutane ya lissafa. Shi ya sa nake ba da shawarar a yi ƙudurin hukumar daraktoci a rubuce, wanda zai ce kamfani ya amince da wannan tsari, ya ambaci nau'in takardun da aka yarda na'ura ta sa wa hannu, da jami'in da ke ɗauke da alhakinta. Tarayyar Turai ta warware wannan a dokarta ta eIDAS ta 2014 ta hanyar raba abu biyu: sa hannu na ɗan Adam ne, abin da kamfani ke sakawa kuwa hatimin lantarki ne, kowanne da hukuncinsa.

Abin da ya kamata ya fi tsaya maka a rai shi ne sashe na 17 na dokar laifukan intanet ta 2015. Ya ce sa hannun lantarki a kan ciniki yana ɗaure mai shi, kuma idan aka yi jayayya, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya ce sa hannun ba na mai shi ba ne. Ma'ana, idan takarda ta fito da sa hannun mabuɗinku, ku ne za ku sha wahalar nuna cewa ba da izininku ba ne. Don haka amsar tambayarka ta uku ita ce, kamfani za a fara kamawa, sannan kamfani ya bi rajistarsa ya gano ma'aikacin. Idan babu rajista mai inganci, asarar ta zauna a kanku. Wannan sashe ya kuma ware wasu abubuwa daga cikin waɗanda sa hannun lantarki ke ingantawa, kamar wasiyya, takardar haihuwa da ta mutuwa, da al'amuran aure da saki.

Akwai kuma sashe na 84 na Dokar Shaida. Duk takardar da kwamfuta ta fitar, kafin kotu ta karɓe ta sai an nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin kuma ana amfani da ita a kai a kai don wannan aiki, tare da takardar shaida daga wanda ke da alhakin kula da ita. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa. Ingancin sa hannun dijital bai ɗauke muku wannan ba.

Malam Sanusi, Gobarau

Allah ya saka wa Barista da alheri. Wannan rarrabewa tsakanin sa hannu da hatimi ta tuna mini abin da ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik, cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, aka ce masa ba sa karanta wasiƙa sai mai hatimi, sai ya yi zobe na azurfa aka zana masa "Muhammadu Rasulullah", kuma ya hana kowa ya yi irin wannan zane a zobensa. Zoben ya koma hannun Sayyidina Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, har ya faɗa rijiyar Aris. Sarakunan ƙasar nan ma da hatimi suke rufe wasiƙunsu, magatakarda ya rubuta, a buga hatimi, ɗan aike ya tafi da ita.

Malaman tarihi sun kuma kawo labarin wasiƙar da mutanen Masar suka ce sun kama ɗauke da hatimin Halifa Usman, Allah ya yarda da shi, shi kuwa ya rantse bai rubuta ta ba kuma bai ba da umarnin rubuta ta ba, kuma kowa ya san fitinar da ta biyo baya. Wannan shi ne ainihin abin da Alhaji Mamman yake tsoro, kuma tsoron yana kan hanya. A fiƙihu, na'ura ba wakiliya ba ce domin ba ta da hankali balle a ɗora mata amana. Kayan aiki ce a hannun wanda aka wakilta. Saboda haka wajibi ne a san wane mutum ne aka damƙa wa, a gaya masa iyakar abin da aka wakilta shi a kai, shi ma ya karɓa da saninsa. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni da a rubuta kuma a kafa shaidu, to takardar bashin dillali ina ganin kada a wadatu da sa hannun kamfani kaɗai, shi ma wanda ake bi ya amince da abin da aka rubuta a kansa.

Malama Rabi, Sabuwar Unguwa

Ina bin wannan muhawara da kyau domin ni jami'ar jarrabawa ce a wata kwaleji mai zaman kanta, kuma mu ma ana ta yi mana maganar sa wa sakamakon ɗalibai hannu ta wannan hanya. Injiniya, ina da tambaya biyu. Ɗalibanmu idan an tura musu fayil, shagon kwamfuta suke zuwa a buga musu a takarda, a yi fotokwafi biyar, su kai inda suke neman aiki. Mai kula da siton Malam Kabir ma na tabbata takarda direba ke miƙa masa ta tagar mota, ba fayil ba. Me ya rage na sa hannun a kan takardar da aka buga? Na biyu, ka ce shaidar tana ƙarewa bayan shekara uku, alhali ɗalibin da ya gama bana zai iya buƙatar sakamakonsa bayan shekara ashirin. Ranar nan manhaja za ta ce masa takardarsa ta lalace ne?

Injiniya Aminu, Ƙofar Ƙaura

Malama, ranki ya daɗe, a kan takardar da aka buga babu abin da ya rage. Sa hannun yana cikin fayil ne, firinta ba ta fitar da shi. Koren alamar da ake gani a Acrobat Reader idan an buga ta a takarda ta zama hoto kamar kowane hoto, kuma ɗan damfara zai iya zana irinta. Da a ce kamfanin Malam Kabir ya sayi wannan shaida bara amma mai sito ya ci gaba da karɓar takardar hannu yana duba ta da ido, da an yi musu satar kamar yadda aka yi.

Abin da ake yi shi ne a saka lambar QR a jikin takardar, kamar yadda CAC take yi a takardun rajistar da take bayarwa ta intanet. Sai dai ita ma akwai tarko a cikinta, domin mai damfara zai iya buɗe shafi mai kama da na kamfani ya saka lambar da za ta kai mutum can. Mafita ita ce mai sito ya riƙa karanta lambar da manhajar kamfani da ke wayarsa, wadda mabuɗin filin kamfani yake cikinta, kuma lambar ta ƙunshi muhimman bayanan da aka sa wa hannu: lambar webil, sunan dillali, adadin buhuna, lambar mota da kwanan wata. Da zarar an loda kaya, manhajar ta rubuta cewa an yi amfani da wannan webil, don kada a dawo da fotokwafinsa gobe.

Game da shekara ashirin, ana haɗa sa hannun da tambarin lokaci daga wata hukuma mai zaman kanta, bisa ƙa'idar RFC 3161 ta 2001, wanda ke shaida cewa an sa hannun ne lokacin da shaidar take da rai. Ana kuma cusa wa fayil ɗin amsar da hukumar ba da shaida ta bayar a ranar cewa ba a soke shaidar ba. Tsarin PAdES na Turai, wato ƙa'idojin sa wa fayil ɗin PDF hannu, ya tanadi wannan duka, kuma idan an bi shi takardar za ta ci gaba da tabbata bayan wa'adin shaidar ya wuce. Amma lissafin kansa yana tsufa. A 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fitar da fayilolin PDF biyu mabambanta masu taƙaitacciyar lamba iri ɗaya a tsarin SHA-1, wani tsohon lissafi irin SHA-256 wanda a da kowa ya dogara da shi. A watan Agustan 2024 kuma hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin ma'aunan da aka tsara don su jure wa kwamfutocin kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake tsoron zai iya karya lissafin yanzu. Makaranta dole ta riƙe asalin fayilolin, ta riƙa sabunta musu tambarin lokaci da lissafi mai ƙarfi kafin tsohon ya raunana.

Usman, Tudun Wada

Da izinin manya. Yaya Aminu, ni ina rubuta manhaja, kuma a ganina kamfanin Malam Kabir ba ya buƙatar biyan dala duk shekara ga wata hukuma ta waje. Waɗanda za su duba webil ɗin masu sitonsu ne da dillalansu. Da manhajar OpenSSL, wadda kyauta ce, za su iya kafa tasu hukumar ba da shaida ta cikin gida, su ba kansu shaida, su saka mabuɗin filin a wayoyin ma'aikatansu. Kuma hukumomin waje ba ma'asumai ba ne: a 2011 an kutsa cikin DigiNotar ta ƙasar Holan aka fitar da shaidun bogi sama da 500, har da na Google, kamfanin ya rushe a wannan shekarar.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Jibiya da Batsari da Funtuwa da Ɗandume, kuma an yi watanni a haka. Duk tsarin da sai an tambayi wata kwamfuta a Turai kafin a loda taki, a irin wannan lokaci ya tsaya cak. Lambar QR mai ɗauke da sa hannu a cikinta ana iya tantance ta ba tare da sabis ba.

Injiniya Aminu, Ƙofar Ƙaura

Usman, a kan sito na yarda da kai, kuma maganar katse layuka hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ka tuna cewa idan babu sabis, sito biyu ba za su san cewa an riga an yi amfani da webil guda ba, don haka dole kowane webil ya ɗauki sunan sito ɗaya tak da wa'adin kwanaki kaɗan.

Inda ban bi ka ba shi ne takardun da ke fita waje, zuwa banki ko odita ko ma'aikatar gwamnati. Idan suka buɗe fayil mai shaidar da kamfani ya ba kansa, Acrobat Reader zai nuna gargaɗi cewa ba a san mai sa hannun ba. Sai ka fara kiran mutane kana ce musu su yi watsi da gargaɗin, kuma wanda ya saba watsi da gargaɗi, ranar da takardar bogi ta zo ma zai yi watsi da shi. Sannan kafa hukumar cikin gida aikin yini ɗaya ne, amma tsare mabuɗinta na shekara goma, bayan wanda ya kafa ta ya bar aiki, shi ne abin da ƙananan kamfanoni suke kasawa.

Barista Hadiza, Unguwar Alkali

Ina goyon bayan Injiniya a nan saboda wani dalili na daban. Idan rigima ta kai kotu tsakanin kamfani da dillali, lauyan dillalin zai ce kamfanin ne ya ba kansa shaida, shi ke riƙe da mabuɗi, shi ke riƙe da agogon kwamfutar, me zai hana ya tsara takarda yau ya mayar da kwanan watanta bara? Tambarin lokaci daga hukumar da ba ta da hannu a cinikin shi ke rufe wannan baki. A takardar bashi kada a yi tsimin wannan kuɗi.

Alhaji Mamman, Daura

Yanzu na fi fahimta, kuma na gode wa Malam Sanusi da ya kawo maganar amana. Amma ina nan a kan abu ɗaya. Rasit na kuɗin da aka riga aka biya, na'ura ta sa hannu, babu laifi, domin kuɗin sun riga sun shiga banki. Takardar da za ta sa kaya su fita daga sito a kan bashi kuwa, idan ta kai lodin tirela, wato buhu 600 na kilo 50, ni ba zan yarda ta fita ba sai wani babba ya gani da idonsa ya amince da sunansa, ko yana Abuja ko yana Makka. Wayar da ke aljihunsa ta isa. Kuma wanda ke kula da kwamfuta kada ya zama shi ne mai amincewa, ko da ɗan mai kamfanin ne.

Malam Kabir Akanta, Ƙofar Marusa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da zan kai wa daraktoci a zamansu mai zuwa shi ne a raba takardunmu gida biyu kamar yadda Alhaji ya ce, rasit da bayanin asusun dillali su tafi kai tsaye, izinin ɗaukar kaya da takardar bashi su jira amincewar mutum na biyu. Na kira mai tayin ɗazu na tambaye shi inda mabuɗin zai zauna, ya ce a cikin fayil ne a babbar kwamfutar ofis, HSM kuma sai an ƙara kuɗi, kuma farashin da ya ba mu bai haɗa da tambarin lokaci ba. Na ce ya sake kawo tayi a rubuce wanda ya haɗa su duka, da manhajar wayar masu sito. Barista, me kuma ya kamata ƙudurin daraktoci ya ƙunsa?

Barista Hadiza, Unguwar Alkali

Malam Kabir, bayan nau'in takardu da iyakar adadin da na'ura za ta sa wa hannu ita kaɗai, ƙudurin ya ambaci mutum biyu da sunayensu da muƙamansu waɗanda ke da ikon kiran hukumar ba da shaida su sa a soke shaidar idan aka yi zargin mabuɗin ya fita, domin idan abin ya faru da yammacin Juma'a kuma mutum ɗaya tilo da hukumar ta sani yana kan hanya, duk takardar da aka sa wa hannu kafin Litinin za ta zo da sunanku. Ya kuma ce duk ma'aikacin da ya bar aiki a rufe lambarsa ta shiga a ranar. A yarjejeniyarku da mai manhajar a rubuta cewa shaidar da mabuɗin mallakin kamfaninku ne, kuma shi ba shi da hanyar aika takarda wurin sa hannu daga ofishinsa. Sannan a rubuta wa kowane dillali wasiƙa, ya sa hannu a kan kwafi ya dawo muku da shi, cewa daga rana kaza kamfani ba ya amsa duk takardar da ke ɗauke da tsohon hoton sa hannun manajan darakta.